Sola Ke Cajin Batirin Kwale-kwalena

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Habu, daga wani ƙauye kusa da Ɗanzomo.

Duk damina tafki kan raba mu da titi. Sai na sa wa kwale-kwalena ƙaramin inji mai batir, na ɗora farantin sola a kan rumfa yana yi masa caji. Yayana ya ce, "Habu, kana ba mu kunya. Sayar da tarkacen nan ka sayi babur."

Ranar da naƙuda ta kama maƙwabciyarmu, babu babur ɗin da ya iya shiga ruwan. Ni na tsallakar da ita a kwale-kwalena, ta haihu lafiya a asibiti.

Masu sauraro, ku koya mini yadda batir zai riƙe caji ranar hadari. Mai shawarar in sayar kuwa, ya riƙe abarsa.