Littafi a Kujerar Gaba

A tashar Gummi, Tabita ta ajiye gyalenta a kujerar gaba ta motar Anka, don ta kama wa innarta mai ciwon ƙafa wuri. Da ta dawo daga sayen ruwa sai ta tarar da gyalen a baya, Littafi Mai Tsarki a kan kujerar, wani dattijo na tsaye yana gadi.

"Baba, kai ka ɗauke mini gyale?"

"Ɗiyata, na ga zanen zumuntar matan coci a jikinki, ashe ta gida ce. Yaushe aka yi miki baftisma?"

"Bara."

"Shi ya sa! Jaririya ce ke cikin Ubangiji. Ni shekarata talatin da ɗaya da baftisma. Wanda ya girma cikin ruhu ba ya faɗa kan kujera."

"To bar wa Inna, ƙafarta ba ta lanƙwasuwa."

"Wahala ke gina bangaskiya. Ta yi haƙuri."

"Taka bangaskiyar fa?"

"Tawa ta ginu tuni." Ya rage murya. "Bari in koya miki dabara. Gyale kowa na iya ture shi, amma 'yan kamashon ga ba su taɓa littafin addini, ko na wane ne. Shekara ashirin ban zauna baya ba."

Tabita ta ɗauki littafin ta buɗe. Bangon ya koɗe don shan rana, takardun ciki kuwa sababbi fil, manne da juna.

Ta miƙa masa. "Riƙe, Baba. Anka da nisa, a baya ma ana karatu. Inna, taho ki zauna."