Surukina ya sake kawo farin katako

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, daga unguwar Kalakla nake rubutowa. Bara mijin 'yata ta fari, Allah ya saka masa, ya kafa mini rumfa don inabina ya hau, da farin katako daga Omdurman. Na san sunut ake sawa, wato bagaruwa, a ƙona gindinsa, a shafa baƙin mai, amma kunyar suruki ta hana ni magana. Damina ɗaya gara ta cinye ginshiƙan, rumfar ta danne inabin. Jiya ya sake sauke irin katakon, wai, "Hajiya, wannan karon da fenti!" Innalillahi! Jama'a, yaya zan gaya masa? Ranar Asabar zai fara haƙa ramuka.