Tagar da Ke Kallon Bulo

Assalamu alaikum mai gabatar da shirinmu, Allah ya ƙara lafiya. Ni ce Maman Sadiya daga Kankia, kuma raina a ɓace yake.

Ɗaki ɗaya muke haya, taga ɗaya gare shi. Bara mai gidan, Alhaji, ya gina shago a jikin ɗakin, bangon shagon ya toshe tagar ruf. Da damina ta kankama, sai ɗakin ya fara gumi. Ko ba a yi ruwa ba, da safe kwano na ɗiga a kan katifarmu. Bango ya yi baƙi, fumfuna ta ci atamfofina a cikin akwati, har waken da Inna ta aiko mani daga Dudunni ya lalace. Na wanke, na shanya, na sa garwashi a kasko, duk a banza.

Yanzu ɗiyata Sadiya ba ta rabuwa da tari. A asibiti suka ce mu riƙa buɗe taga. Na je na durƙusa gaban Alhaji, ya ce, "Ke, ƙazantarku ce. Ku buɗe taga mana, iska ta shiga!"

Maigidana ya nemi wani ɗakin har Kusada, bai samu ba. Wallahi na gaji.

Masu sauraro, ku ba ni shawara, don dabara ta ƙare mani. Alhaji kuwa, in kana ji, ina gaishe ka. Tagar a buɗe take, ni da Sadiya muna nan muna kallon bulonka.