Ranar da Aka Sa Inna Tsallake

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Talatu, daga wani ƙauye kusa da Yako.

Innata ce take bayar da waƙa a zumuntar mata tun ina goye. Sai mantuwa ta kama ta. Ta sa gishiri a kunu, ta fita neman babanmu da ya daɗe a kabari.

Ana nan 'yar aminiyarta Ladi ta kwanta da zazzaɓi. Inna kuwa ta wuni tana kiran sunan yarinyar, don ita ta karɓi haihuwarta. Nan take aka ce mayya ce, ta kama kurwa, sai ta tsallake yarinyar ta sake ta.

'Yan'uwa, ba baƙi suka yi wannan ba! Ladi ce ta fara faɗa. Yayana Yakubu shi ya riƙe hannun Inna har tsakar gidan su Ladi.

Na ce, "Yaya, uwarka ce fa!"

Ya ce, "Talatu, bari a yi a huta."

Inna ta tsallake tana dariya, ta zaci wasa ne. Ranar na tsani kowa.

Na durƙusa na ce, "Ubangiji, in kana gani, ka wanke ta." Sai ya buɗe hanya, na kai ta asibiti a Kano. Likita ta gwada tunaninta, ta ɗebi jini. Ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma wasu alamu na garkuwar jiki sun hau a jininta, abin da masu bincike ke ganin yana iya nufin ciwon zai yi sauri. Ta ce, "Ba tabbas, amma ku zauna da ita tun tana gane ku."

Fasto ya bayyana wannan a gaban ikilisiya. Allah ya wanke sunan Inna, haleluya! Amma Yakubu har yau bai ce a yi haƙuri ba, kuma abin yana cina.

Ladi dai ta zo, kanta a ƙasa. Inna, wadda ta riga ta manta sunana, ta rungume ta, ta ce, "Aminiya, ina kika shiga? Yaya jikin 'yata?"

Ita ta manta, ni aka bari da tunawa. Ku yi mini addu'a in iya yafewa.

Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, ku kuma kai tsofaffinku asibiti kafin ku kira su mayu. Amin.