Wanda Ya Juya Kifin

Ya shugaban taro, ya dattawan ƙungiyar masunta, ya iyayenmu mata masu shanyar kifi, jama'ar Tongyeong baki ɗaya, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba tsoho abin magana, alhali kun san ba ya saurin saki.

An ce in yi magana kan kakanninmu da suka tare jiragen Japan a mashigin Hansan shekara ɗari huɗu da ɗoriya da suka wuce. Kun san labarin, ga irin jirgin yaƙinsu mai rufi kamar bayan kunkuru can ɗaure a gaɓa. Masu tuƙin nan masunta ne irinmu. Sun bar mana ruwa, sun bar mana taru, sun kuma bar mana doka: ba a juya kifi a faranti. A ci sama, a ɗage ƙaya, a ci ƙasa. Wanda ya juya kifi, jirgi ya kifar.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da jirgin abokina Tak Bong-su, wanda nake kira yaya, ya kife da mutum biyar. Mahaifiyarsa ta tarar da kifin karin kumallo a juye, ta dubi amaryarsa Mal-sun ta ce, "Ke 'yar kan tudu, a gidanku ba a koya miki cin kifi ba?" Tun ranar ba a sake barinta ta zuba giyar shinkafa a dutsen tunawa da mamatanmu ba, kamar yadda ake yi duk shekara. Ga ta can, bakin ƙofa.

Jama'a, ni na juya kifin. Ranar na biyo gidan da safe, na sa hannu. Bong-su ya ce, "Kai haɗamamme, kashe mu za ka yi?" Muka yi dariya. Mal-sun tana tsaye, ta gani.

Makon jiya na ce mata, "Matar yaya, me ya hana ki tona ni?"

Ta ce, "'Ya'yanka uku. Da wa zai sake hawa jirgi da kai?"

Na san guguwa ce ta ci su. Amma in laifi ne, nawa ne, kuma ita ta ɗauka, ni ina cin kifina lafiya.

Bana ni kuka ba ƙoƙon zuba giyar. Matar yaya, taso, ke za ki zuba. Ku ba ta hanya.

Allah ya jiƙan waɗanda teku ta riƙe, ya dawo da kowane jirgi gaɓa da mutanensa cif.

Na gode.