Halawar Goggo a Guangzhou

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Hadiza, 'yar Fagge, ina zaune a Guangzhou tare da maigidana.

Sana'ata gyaran farce ce ga matanmu masu zuwa sarin kaya a kasuwar Shisanhang. Da shagunan 'yan China suka karya farashi, ciniki ya ja baya har na yi tunanin dainawa.

Ran nan wata Hajiya daga Kumasi ta tambaye ni, "'Yata, ba kya yin halawa ta cire gashi?" Nan take na tuna marigayiya Goggona a tsakar gida, tana dafa sukari da lemon tsami, mata na jiran layi suna hira. Na gwada, sau biyu tana ƙonewa. A na uku ƙamshin ya fito daidai da nata, na zauna na yi kuka.

Yanzu alhamdulillahi aiki ya dawo. Sai dai haɗin dilkarta ya ɓace mini, ban taɓa tambayarta ba. Iyayenmu mata na Fagge, don Allah wadda ta sani ta koya mini.