Dattijon Majigi Da Muka Yi Wa Sadaka

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Garba manomi daga Kiru.

Bara motar majigi ta zo bakin kasuwarmu. Masu aikin nan sun iya, mutane na yawo jikin ƙyalle kamar ka miƙa musu hannu. Aka nuna wani dattijo ya ƙi lambar rigakafi, cutar agana ta kashe shi, muna gani aka ɗauki makararsa. Gwaggona Hajara ta sha kuka, ta toya waina ta yi masa sadakar uku, ta tasa jikokinta gaba aka yi musu lamba.

Bana majigi ya dawo da wasan noman gyaɗa. Sai ga dattijon garau yana huɗa, ko zanzana babu a fuskarsa. Gwaggo ta dafa ni ta ce, "Garba, ba wannan muka yi wa sadaka ba?" Yanzu ta hana a yi wa jaririnmu lamba sai ta ji gaskiya.

Don Allah Malam a warware mana, maganarka take yarda da ita. Ta ce in yana raye a gaishe shi, amma ladan wainarta wa ya samu?